Gansakukar da ke rayuwa a kan gubar tagulla: ina take, kuma me ya sa shinge ba zai cece ta ba?

Tambaya: "Malam, ina karatun ilimin tsirrai ne. A wani darasi an ambaci wata gansakuka a Ingila da aka ce duk abin da ya rage nata bai kai faɗin kan teburi ba. Da gaske ne? A ina take, kuma wane matsayi aka ba ta a jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in har ƙanƙantarta ta kai haka, me ya hana a kewaye wurin da waya, a hana kowa takawa, kowa ya huta?"

Ƙanwata, da gaske ne. Tambayarki ta ƙarshe kuwa ta fi sauran nauyi, don haka a kanta zan fi daɗewa. Amsarta a gajarce ita ce, ranar da aka kewaye wannan gansakuka aka hana ƙafa da kofato shiga, ranar aka fara haƙa mata kabari. Amma wannan magana ba za ta zauna miki ba sai kin san yadda take rayuwa.

Bari mu fara da kalmar kanta, domin takan rikita ɗalibai. Mukan ce gansakuka ga koren yauƙin nan da ke kwanciya a kan ruwan da ya daɗe a tsaye, mukan kuma faɗe ta ga koren laushin da ke fitowa a gindin bango mai laima. A ilimin tsirrai abubuwa biyu ne mabambanta. Wadda muke magana a kai ita ce ta biyun, tsiro ne na tudu, mai kara da ganye, sai dai ba shi da saiwa ta gaskiya, ba shi da jijiyoyin da ke jan ruwa daga ƙasa zuwa sama irin na manyan tsirrai, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da dukkan jikinsa yake shan ruwa. Irinsu a duniya sun kai kimanin 12,000.

Wadda aka ambata muku sunanta na kimiyya Ditrichum cornubicum. Kalma ta biyu tana nufin "ta Cornwall", wato yankin nan da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, wanda ya miƙe cikin teku kamar ƙafa. Sunan da mutanen can suka ba ta, in aka juya shi zuwa Hausa, shi ne gansakukar hanya ta Cornwall. Ki riƙe kalmar "hanya" ɗin nan, za mu dawo gare ta.

Wata masaniyar tsirrai mai suna Jean Paton ce ta fara cin karo da ita a 1963, a gefen titi kusa da ƙauyen Lanner, daura da garin Redruth. Wurin ba daji ba ne, ba kuma wani lambu ba. Ɗan fili ne da motoci ke raɓewa su tsaya, wanda aka cike da tarkacen ƙasar da aka tono daga ramukan ma'adinai. Ta duba abin da ta tsinta bai yi daidai da kowace gansakuka da aka sani ba. Bayan shekara biyu, a 1965, ta sake ganin irinta a tsohon wurin haƙar ma'adinai na Phoenix United, kusa da ƙauyen Minions a gefen tsaunin Bodmin, kimanin kilomita 60 daga wurin farko. Ba ta yi gaggawa ba. Sai a 1976 ta fitar da bayaninta a matsayin sabon nau'i, shekara goma sha uku bayan ganin farko. Ina son wannan haƙuri nata, domin a wannan fanni da yawa sun raɗa wa tsiro suna cikin ɗoki, daga baya aka gano tsohon sananne ne da ƙasa mara kyau ta tsumburar.

Ta Lanner ta ɓace, ba a sake ganinta a can ba. A 1997 wani masanin, David Holyoak, ya gano wani rukuni a Crow's Nest, inda tsoffin ramukan tagulla na Caradon suke, 'yan kilomita kaɗan daga Phoenix United. Sai kuma a 2006 shi dai Holyoak ya same ta a inda ba wanda ya zata, a ƙasar Ailan, a tsohon wurin haƙar tagulla na Allihies da ke gundumar Cork, kimanin kilomita 400 daga Cornwall, da teku a tsakani. Shi ke nan. Wurare uku a faɗin duniya, biyu a Cornwall suna maƙwabtaka da juna, ɗaya a Ailan, na huɗun da aka fara ganinta ya riga ya tafi.

Adadin da aka faɗa muku ya samo asali ne daga wani awo da aka yi a Cornwall, inda aka tattara duk 'yan ɗigo-ɗigon da take rufewa aka samu kashi 0.16 na murabba'in mita ɗaya. Ki zana murabba'i mai santimita 40 a tsaye da 40 a kwance, to shi ne. Sai dai kada ki ɗauka wuri guda take a dunƙule. A warwatse take, nan ɗan tabo kamar farcen yatsa, can wani bayan taku ashirin. Kuma adadin yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara, gwargwadon ruwan sama da yadda aka kula da wurin.

In kika je nemanta, tsaye ba za ki ga komai ba. Dole ki durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin sanyin hunturu, domin lokacin ne take fitowa sosai, ki kai fuskarki dab da ƙasa, gilashin ƙara girma manne da idonki. Ƙasar tsakuwa-tsakuwa ce, a daddanne, wani wurin ja-ja, wani wurin da ɗan shuɗi-kore na tsatsar tagulla a jikin duwatsu. A tsakanin tsakuwoyin za ki ga 'yan tsirrai a tsaitsaye, tsawonsu daga milimita ɗaya zuwa biyar, kore mai duhu, ganyensu siriri mai tsini. Matsalar ita ce akwai wasu ƙananan gansakuka da suke zaune tare da ita masu kama da ita ƙwarai, musamman ƙananan tsiron wata da ake kira Ceratodon purpureus, wadda take ko'ina a duniya. Abin da ke raba gardama yana ƙarƙashin ƙasa. Mai lasisi yakan ɗauki ɗan mitsitsi, ya wanke ƙasar a hankali a cikin ɗigon ruwa, ya sa a ƙarƙashin na'urar ganin ƙananan abubuwa. A jikin zaruruwan da take kama ƙasa da su zai ga wasu 'yan ƙulalai masu launin ƙasa-ƙasa, kamar an ɗaura ƙulli a jikin zare. Waɗannan ƙulalai su ne dukan sirrin rayuwarta.

Ga dalili. A wannan nau'i, namiji daban yake tsirowa, mace daban. Kafin gansakuka ta yi iri, sai ƙwayoyin namiji sun yi iyo a cikin ɗan danshin ruwa sun isa ga macen, sannan wani ɗan ƙoƙo ya fito a kan siririn kara, cike da ƙurar iri da iska ke kwasa ta kai nesa. Da haka yawancin gansakuka suke ƙetare duwatsu da tekuna. Ita kuwa wannan, tun daga 1963 har yau, maza kaɗai aka taɓa gani. Ba a taɓa samun mace ba, ba a taɓa ganin ƙoƙon iri ba, a Cornwall ko a Ailan. Saboda haka iska ba ta da abin da za ta ɗaukar mata. Hanyar yaɗuwarta ita ce ƙulalan nan da gutsattsarin jikinta, su kuwa ba sa tashi sama. Sai an ɗauke su. Laka ta manne a tafin takalmi, ko a kofaton doki ko tunkiya, ko a tayar mota, ko ruwan sama ya gangara da ita, a yar da ita a gaba, ƙullin ya tsiro. Su ne kuma ke riƙe ranta a lokacin zafi, sa'ad da abin da ke sama ya bushe ya ɓace wa ido. Kin ga inda sunan "ta hanya" ya fito.

Wannan ne ma ya sa wasu masana suke ganin ta Ailan daga Cornwall ta je. An fara haƙar tagulla a Allihies a 1812, kuma an ɗauko ƙwararrun mahaƙa da injiniyoyi daga Cornwall suka zauna a can, har da unguwarsu, suka zo da kayan aiki da injuna. Laka kaɗan a jikin takalmi ko a ƙafar wani inji ta isa. Hasashe ne mai ƙarfi, kuma kasancewar a can ma ba a ga mace ba yana ƙara masa nauyi. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi: mutum ya bar garinsu neman abinci, bai san yana ɗauke da ɗaya daga cikin tsirran da suka fi ƙaranci a duniya a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

To me ya kai ta kan tagulla? Tagulla, in ta yi yawa a ƙasa, guba ce ga tsirrai. Tana ƙona saiwa, tana hana ta tsawo, shi ya sa za ki ga tsibin ƙasar tsoffin ramuka ya shekara ɗari yana nan fayau, ciyawa ta kasa rufe shi. Ita wannan gansakuka tana jure abin da sauran ba sa jurewa. Ba ita kaɗai ba ce mai wannan baiwa. Tana da 'yar'uwa, Ditrichum plumbicola, da ke zama a kan tarkacen dalma. Akwai kuma Scopelophila cataractae, wadda a Japan ake samunta a ƙarƙashin rufin tagulla na wuraren ibada, daidai inda ruwan rufin ke ɗiga, kuma bincike a kanta ya nuna tana ɗaure tagullar a bangon ƙwayoyin jikinta don kada ta shiga ciki ta yi ɓarna. Amma ki lura da abu ɗaya, domin nan ne mutane ke kuskure. Abin da gubar take yi wa gansakukar Cornwall shi ne kore mata abokan gasa. Tsiron da tsawonsa bai wuce milimita biyar ba, ganyen ciyawa guda ya isa ya rufe masa rana. A ƙasa mai kyau ba ta da ta cewa, kowa zai taka ta. A ƙasa mai guba ita ce da fili.

Wannan fili kuwa mutane ne suka yi shi. A farkon ƙarni na 19 Cornwall na cikin manyan masu fitar da tagulla a duniya. An buɗe arzikin Caradon a shekarun 1830, aka yi ta tono, ana niƙa dutse, ana zubar da tarkace tsibi-tsibi, ana shimfiɗa hanyoyi da shi. Farashin tagulla ya faɗi a 1866, ramuka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Phoenix United ta tsaya gaba ɗaya a 1914. Muddin ana aiki, kullum ana juya ƙasa, kullum sabuwar guba tana fitowa sama, amalanke da dawaki da ɗaruruwan ƙafafu suna daddanne hanya suna kuma yawo da laka. Kafin zamanin haƙa, ana kyautata zaton tana maƙale ne a 'yan wuraren da jijiyar tagulla ta ɓullo saman ƙasa da kanta, waɗanda su ne mahaƙa suka fara cinyewa.

Yanzu mu zo ga shingenki. Ki ɗauka an kewaye wurin, an kafa allo, ba mai shiga. Shekara ta farko ba za ki ga canji ba. Amma ruwan sama na Cornwall ba ya wasa, a hankali yana wanke tagullar da ke saman ƙasa yana kai ta ƙasa. Ganyaye da ƙura suna taruwa. Manyan gansakuka masu ɗan juriya su fara shimfiɗuwa, su mutu, su ruɓe, su bar ɗan siririn baƙar ƙasa a kan gubar. Kauri kaɗan ya isa. Ciyawa ta samu wurin kafa saiwa ba tare da ta taɓa gubar sosai ba, ita ma ta mutu ta ƙara kaurin. Bayanta sai ƙayar nan mai furen rawaya da ta cika tsaunukan yankin, da wasu ƙananan itatuwan ado da suka tsere daga lambunan gidaje, tsuntsaye suka yaɗa irinsu. Cikin 'yan shekaru wurin ya yi kore shar, mai wucewa ya ce ƙasa ta warke, alhali abin da aka kewaye domin shi ya mutu a cikin inuwa. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan shi ne babban abin da ke barazana gare ta a yau, ya fi duk sauran. Tana buƙatar a riƙa tayar da ƙasa, kuma wanda yake tayar mata ya tafi fiye da shekara ɗari.

Kada kuma ki ɗauka cewa kowace irin takawa alheri ce. Abin awo ne. Ƙafar mai yawo da kofaton dabba jefi-jefi suna hana ciyawa kamawa, suna kuma yaɗa ƙulalai. Amma mota mai nauyi da ta yi ta juyi a wuri guda tana iya kwashe rukuni ɗungum a yini ɗaya. In aka zo gyaran hanya aka zuba kwalta ko tsakuwar da aka kawo daga wani wuri, an binne ta ke nan. Dabbobi ma fuska biyu gare su. Kiwo yana rage ciyawa, amma inda tumaki suka mayar wurin kwanciya, kashinsu da fitsarinsu taki ne, taki kuwa ciyawa yake yi wa aiki. Har iskar ma tana sauke sinadarin naitirojin daga hayaƙi da gonaki, wanda shi ma takin ne a fakaice. Sannan akwai wata barazana da ke zuwa da kyakkyawar niyya: gyaran tsoffin wuraren haƙa. Hukuma ta dubi tsibin tarkace ta ga ƙazanta da haɗari, ta kawo katafila ta baje, ta rufe da ƙasa mai kyau, ta shuka ciyawa da itatuwa. Ta fuskar lafiyar jama'a wani lokaci hakan ya zama dole, ba na musu, ramin da zai rufta da yaro dole a toshe shi. Amma an yi asarar wurare masu daraja ta wannan hanya a Cornwall, don kawai ba a kira mai gilashi ya durƙusa ya duba kafin a fara ba.

Game da matsayinta a hukumance, ga yadda abin yake. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jan kundinta (jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu) na shekarar 2000 a matakin waɗanda ke cikin haɗarin ɓacewa, wato mataki na biyu daga sama a cikin matakai uku na barazana. A jan kundin Ailan na 2012 an sa ta a mataki na ƙoli, na waɗanda ke bakin ɓacewa, abin da ba zai ba da mamaki ba tun da wuri ɗaya tak take da shi a ƙasar. A 2019 an fitar da jan kundin gansakuka da danginsu na nahiyar Turai baki ɗaya, wanda ya nuna kashi 22.5 cikin ɗari na nau'o'in nahiyar suna fuskantar barazana, ita ma tana cikinsu. Ta fuskar doka, a Birtaniya tana cikin jadawali na 8 na dokar kare namun daji da karkara ta 1981, wanda ya haramta tsinka ta, tumɓuke ta ko lalata ta da gangan ba tare da lasisi ba. A Ailan an sa ta cikin dokar kare tsirrai ta 2015, wadda daga baya ta 2022 ta maye gurbinta. Wuraren nan biyu na Cornwall an haɗa su an ayyana su a matsayin yanki na musamman na kariya, faɗinsa bai kai hekta 50 ba, kuma suna cikin yankin tsoffin ma'adinan Cornwall da yammacin Devon da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2006.

Tun da ɗaliba ce ke, bari in ɗan ratse in nuna miki wata wahala da ke cikin wannan aiki na ba da matsayi, domin za ki ci karo da ita. Ma'aunan IUCN da dabbobi da manyan tsirrai aka gina su. Suna tambaya, balagaggu nawa suka rage? Ƙasa da 250 mataki kaza, ƙasa da 50 mataki na ƙoli. Giwa ana ƙirga ta, itace ana ƙirga shi. To a gansakuka wane ne "ɗaya"? Kowane ɗan kara? A tabo guda mai faɗin tafin hannu akwai ɗaruruwa, kuma watakila dukansu jiki ɗaya ne da ya rarrabu. Saboda haka masanan fannin suka yi yarjejeniya cewa ga masu zama a ƙasa, kowane murabba'in mita da aka same ta a ciki a ɗauke shi a matsayin ɗaya, ga masu zama a jikin itace kuwa, kowace bishiya ɗaya. Haka nan faɗin wurin zama, ana auna shi ne da gidajen taswira masu kilomita biyu-biyu, wato kowane gida murabba'in kilomita huɗu. Tsiron da ainihin abin da ya rufe bai kai rabin murabba'in mita ba sai ya bayyana a takarda da kilomitoci. Ma'aunin yana da amfaninsa wajen kwatanta nau'i da nau'i, amma duk wanda ya tsaya a kan takarda kaɗai ba zai san yadda abin ya yi siriri ba. A ganina, a irin wannan tsiro, rahoton mai durƙusawa kowace shekara ya fi matsayin da ke cikin kundi faɗin gaskiya.

Doka kuma, duk da muhimmancinta, hani kawai ta iya. Tana hana mutum tumɓukewa, ba ta hana ciyawa girma. Abin da ya yi aiki a zahiri shi ne abin da zai ba ki mamaki in kika gan shi: a kawo motar haƙa cikin wurin da doka ta kare, a sa ta kankare saman ƙasa. Ana zaɓar fili kusa da inda gansakukar take, ko inda aka san ta taɓa zama, a fara bincika shi taku-taku don kada a kwashe wani abu mai daraja, domin wuraren suna ɗauke da wasu tsirran da su ma ba su da yawa, irin su ƙananan dangin Cephaloziella masu son tagulla, ga kuma kayan tarihi a binne. Sannan a yaye ciyawar da baƙar ƙasar da ta taru, kamar ana feɗe fata, har sai tsohon tarkacen mai guba ya bayyana. A kwashe abin da aka yaye a kai nesa. A sare ƙayoyi da itatuwan da suka matso. Ranar da aka gama, wurin ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar an yi ɓarna. Amma ƙulalan da suka daɗe a kwance cikin ƙasa suna samun haske, na gefe kuma ƙafafu da ruwa suna shigo da su, sai ga 'yan korayen ɗigo sun fara bayyana a kan sabon filin. Hukumar kula da muhalli ta Ingila, Natural England, da ƙungiyar Plantlife sun yi wannan aiki a wuraren Cornwall, ciki har da ƙarƙashin wani babban shirin ceto nau'o'in da ke bakin ɓacewa a Ingila da ya gudana daga 2017 zuwa 2021, kuma an ga gansakukar ta kama filayen da aka kankare, yawanta ya ƙaru.

Sai dai kankara ba aikin yi sau ɗaya ba ne. Ranar da aka gama, ranar ruwan sama da ciyawa suka koma bakin aikinsu. Bayan wasu shekaru dole a dawo, a buɗe wani fili kafin na farkon ya rufe, ta yadda kullum akwai sabon wuri a kusa da za ta koma. Wannan ne abin da ya fi damuna game da makomarta. Kuɗin irin waɗannan ayyuka yakan zo ne na shekara uku ko huɗu, ita kuwa buƙatarta ba ta da ranar ƙarewa.

Akwai kuma ajiya a wajen wurin, don gudun ɓacin rana. A lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan an raine ta a cikin kwalabe masu tsabta, an kuma gwada daskarar da ita a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, aka narkar, wani sashe ya farfaɗo ya ci gaba da girma. Wannan abin farin ciki ne, domin gobara ɗaya ko kuskuren direban katafila ɗaya na iya shafe rukuni guda cikin ukun. Amma abin da ke cikin kwalba madogara ce kawai. In babu buɗaɗɗiyar ƙasa mai tagulla da za a mayar da ita, ajiyar ba ta da inda za ta.

Wani rauni da ba a iya kankarewa shi ne na gado. Tun da babu mace, babu cuɗanyar ƙwayoyin gado, kowane sabon tsiro kwafin na baya ne. Irin wannan zuri'a tana iya daɗewa ƙwarai muddin yanayi bai sauya ba, amma in zafi ya ƙaru, ko rani ya riƙa tsawo, ko wata cuta ta ɓullo, abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da duka.

Ban cire rai da samun wani rukuni ba, har ma da macen. Shekara 43 ne tsakanin ganin farko a Lanner da gano ta Allihies, kuma Allihies ba ɓoyayyen wuri ba ne, mutane suna yawo a cikinsa kullum. Mahaƙan Cornwall sun bazu a duniya a ƙarni na 19, sun je Amurka, Meziko, Chile, Ostireliya da Afirka ta Kudu, da takalmansu da injunansu. Yawancin waɗannan wurare sun fi ƙarfinta da zafi da bushewa, amma akwai tsoffin ramukan tagulla masu laima da sanyi a Wales da sauran sassan Ailan da yammacin Turai, inda yanayin ya yi kusa da na Bodmin. Masu iya gane ta a duniya ba su da yawa, kuma tana ɓuya rabin shekara. Mai nema zai tafi ne tsakanin ƙarshen kaka da farkon bazara, bayan an kwana biyu ana ruwa, ya bar tsakiyar hanya inda taku ya yi yawa, ya bar can gefe inda ciyawa ta rufe, ya bi ɗan siririn layin da ke tsakaninsu a kan gwiwoyinsa.